Kan Gwajin Dakta

Shekara da shekaru Mai Makulli yana da aiki biyu. Na farko kowa ya san shi: shagonsa na bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da katin waya, inda yake yanka makullai yana gyaran kwaɗo. Na biyu kuwa shi yake sanar da mutane ko ba su tambaya ba. Kan nan da ke bisa wuyansa, mai sanƙo a tsakiya da furfura a gefe, shi ne kan gwajin matarsa.

Matar, wadda duk unguwa ke kira Dakta, ba likitar allura ba ce. Bincike take yi a kan sinadaran da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum, a wani ɗaki mai sanyi can ƙasan ginin asibiti. A ɗakin akwai wata ƙatuwar na'ura mai maganaɗisu da rami a tsakiyarta, ana tura mutum ciki a kwance. Sauran likitoci hoton ƙwaƙwalwa suke ɗauka da ita. Ita Dakta sai ta zaɓi ɗan yanki guda, bai wuce gaɓar babban yatsa ba, ta sa na'urar ta saurari abin da ke cikinsa. Abin da ke fitowa a allon kwamfuta wani layi ne mai hawa da sauka, kowane tsini da sinadarin da yake wakilta: wannan na lafiyar ƙwayoyin jijiya, wancan na ƙarfin da suke aiki da shi, na gefensa na bangon da ya kewaye su. Ranar da Mai Makulli ya fara ganin layin, cewa ya yi, "Ashe ke ma makulli kike yankawa," don da haƙoran makulli ya yi masa kama.

Sai dai na'urar fitinanniya ce. Duk lokacin da aka yi mata gyara, ko Dakta ta fito da sabuwar dabara, ba a sa mara lafiya sai an gwada da lafiyayyen kai, kuma ba kowane kai ba. Mutum ya haɗiyi yawu da ƙarfi ko ya motsa hanci, sai tsinayen su baje su cakuɗe, wahalar safiya guda ta tafi a banza. Mai Makulli kuwa ya saba riƙe numfashi a kan siririn ƙarfe. In aka toshe masa kunne aka rufe kansa da wani kwando mai kama da keji, sai ka rantse sassaƙa shi aka yi. Tun Dakta tana ɗaliba, yara suna ƙanana, yake ba ta aron kansa ranakun hutu. Da kan nan ta yi digiri, da shi aka yi mata ƙarin girma, layinsa ya je taro a ƙasashen da mai kan bai taɓa takawa ba. Duk wanda ya kawo kwaɗo gyara sai ya sha wannan labari kafin ya karɓi kayansa.

Mura ce ta ɓata komai. Wata safiyar hutu ya tashi da tari da atishawa, ga Dakta da gwajin da ba ya jira. Ana cikin haka sai ga Auta ya faɗo gidan neman karin kumallo.

Auta ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ba arba'in baya, amma har yau Auta ake ce masa. Ya yi aski ya bari, ya yi tuƙi ya bari, ya yi kiwon kaji kajin suka bar shi. Yanzu dillancin gidajen haya yake yi, wato yawo da surutu. Mutum ne da ba ya zama a kujera sai ƙafarsa tana kaɗawa. Da Dakta ta ce ko zai zo ya ba ta aron kansa, Mai Makulli dariya ya yi har tarin ya sarƙe shi, ya ce su je, Allah ya ba da sa'a.

Da yamma ta dawo bakinta ya ƙi rufuwa.

"Maigida, ashe Auta yana da kai?"

"Tun yana yaro muke neman shaida ba mu samu ba."

"Wallahi kafin in rufe ƙofa ya yi barci. Ba minshari, ba motsi. Ka ga tsinayen kuwa? Sirara kamar allura. Akwai wasu ƙanana guda biyu da kullum a manne suke fitowa, yau sai ga su kowanne ya kama gabansa."

"A nawa kan ma a manne suke fitowa?"

"A na kowa."

"Ban da na Auta."

"Ban da na Auta," ta ce, tana zuba masa miya, ko fuskarsa ba ta duba ba. "Kuma ba wani ƙoƙarinsa ba ne, halitta ce. Kogon hancinsa ƙarami ne, sai maganaɗisun ya kwanta daidai a kansa."

Da ta san abin da wannan magana za ta yi masa, da ta haɗiye ta. Da ƙoƙari Auta ya fi shi, da sai ya ƙara nasa ƙoƙarin. Amma halitta? Haka abin yake tun suna yara. Shi ke ɗebo ruwa, Auta ke fara wanka. Shi ke kwana yana haddar darasi, Auta ya yi wa malami murmushi a yafe masa. Abu ɗaya tak ya taɓa samu a duniya wanda Auta bai sa hannu a ciki ba, shi ne ramin na'urar nan, ga shi kuma yaron ya shiga ya fi shi, yana barci. Kishi ne ya turnuƙe Mai Makulli. Ya ture kwanon ya ce murar ce ta kashe masa baki.

Daga nan Dakta ta shiga raba musu aikin, wannan mako Maigida, wancan Auta. Auta kuwa ya samu abin yi. A gidan tsohuwarsu ya baje labari, wai likitoci sun taru a kan ƙwaƙwalwarsa suna salati. Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Ni dama na sani, tun yana goye kansa daban yake." Mai Makulli yana zaune a gefe yana gyara mata kwaɗon ɗakin ajiya, ba wanda ya tuna yawan shekarun da nasa kan ya yi yana wannan bauta.

Sai labarin sabuwar na'ura ya zo, wadda ta ninka tsohuwar ƙarfi. An fasa bango an shigar da ita, injiniyoyin kamfani suka zo daga nesa suna ta haɗe-haɗe. Kafin su tafi dole a gwada ta da kan mutum mai rai, kuma Dakta ta ce layin farko da ya fito za ta sa shi a firam ta rataye a ɗakin.

"Kai ka sha wahalar tsohuwa, kai za ka buɗe sabuwa," ta ce masa.

Ransa ya yi fari tas, har ya fara gyara zama. Sai shaiɗan ya sa ya tambaya, "Auta fa?"

"Zai zo ya zauna a waje, ko da tari ya kama ka."

Farin cikin ya ragu da rabi. Wato za a ba shi girmansa, amma an ajiye na gaske a bakin ƙofa.

Akwai doka ɗaya da Dakta ta kafa masa tun farkon fari: kada ya kuskura ya kunna injin yankan makulli ba tabarau a idonsa. Ta yi masa bayani dalla-dalla. In ɗan ɓarɓashin baƙin ƙarfe ya shige ido ya zauna, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai sani ba, amma ranar da ya kusanci maganaɗisun nan ƙarfen zai juya a cikin idon, yana iya tafiya da ganin gaba ɗaya. Mai Makulli ya riƙe dokar nan kam. Maƙwabtansa har tsokanarsa suke yi, wai matuƙin jirgi.

Ana saura 'yan kwanaki gwajin, Auta ya biyo ta shagon. Ya zauna a benci, ya zare tabarau ɗin daga ƙusar da ake rataye shi, ya ɗora a goshi, ya shiga zuba.

"Yaya, ka ga sabuwar kuwa? Matar Yaya ta leƙa da ni jiya. Injiniyan nan dogo har ya shafa kaina, wai ya ji labarinsa."

Mai Makulli bai ga sabuwar ba. Ba wanda ya leƙa da shi. Ya ci gaba da goge wani kwaɗo da ya riga ya goge.

Wata mata ta tsaya da sauri, mota na jiranta, ta miƙo makullin get na baƙin ƙarfe ta ce a yanka mata irinsa. Mai Makulli ya ɗaure makullin a injin, ya kai hannu ƙusa, ya ji wayam. Ya ɗaga ido ya ga tabarau a goshin Auta. Kalma biyu ce kawai, "ba ni." Amma a wannan lokacin ji ya yi in ya faɗe ta kamar ya roƙi Auta wani abu ne, shi kuwa ya gwammace komai da wannan. Ya danna injin.

Bai kai ƙarshen haƙoran makullin ba ya ji tsit a idonsa na hagu, kamar an soka masa ƙaya. Ya dafe idon, ya daure ya ƙarasa aikin da ɗayan, matar ta karɓa ta wuce. Ya ɗauki buta ya yi ta sheƙa ruwa.

Auta ya sauke tabarau ɗin a hankali. A karo na farko a rayuwarsa ƙafarsa ta daina kaɗawa.

"Yaya, ƙarfe ne?"

"Ƙura ce."

"Na ga lokacin da ya yi tsalle. Ni ma fa kullum sai ta tambaye ni maganar ido kafin in shiga. Dole ka gaya mata."

Mai Makulli ya juyo da jan ido yana zubar hawaye. "Eh mana, dole in gaya mata, don a ce Auta shigo. To bari ka ji, in maganar nan ta fita daga bakinka, na san dalili, kuma har in mutu ba zan manta ba. Ka ci na gida, ka ci na makaranta, wannan ma sai ka ci?"

Auta ya mayar da tabarau ɗin ƙusarsa, ya fita ko sallama babu.

Kwanakin da suka biyo, Mai Makulli ya zama ɓarawo a gidansa. Ya sayi maganin ɗigawa ya ɓoye a aljihun babbar riga. Wajen cin abinci ya sauya kujera don idon hagu ya fuskanci bango. Ya tanadi ƙarya mai kyau, cewa hayaƙin janaretan maƙwabci ne, amma ba a ko tambaye shi ba. Dakta tana fita da sassafe ta dawo a gajiye, bakinta cike da zancen wayoyin na'ura da sanyi da injiniyoyi. Abin haushin, wannan ma ya ba shi haushi. Yana ɓuya, yana kuma jin zafin ba a neme shi ba. A ransa yana cewa da idon Auta ne ya yi ja, da tuni an tara likitoci.

Jan ya washe, zafin ya lafa. Ya yi ta gaya wa kansa hawaye sun wanke abin. Amma in ya kalli gefe da sauri, sai ya ji kamar ƙwayar yashi a can ciki. Ya san hanyar da ta dace sarai: a je a ɗauki hoton idon, likitan ido ya duba, in akwai abu a cire, a jira ya warke. Ya kuma san injiniyoyi ba za su jira idon mai yankan makulli ba. Firam ɗin zai hau bango da kan Auta a ciki, duk ɗalibin da ya shigo ɗakin nan har abada sai an nuna masa.

Ranar gwaji ya sa sabon yadi. A barandar ƙasan ginin ya tarar da Auta zaune a kujerar roba, ya sunkuyar da kai, ba labari ba tsokana. Dakta ta ce, "Yau kuma wa ya taɓa mana Auta?"

Akwai jan layi a ƙasa gab da ƙofar ɗakin na'urar, ba mai tsallake shi da ƙarfe a jiki. Mai Makulli ya tsaya a bakinsa ya juye aljihunsa a tire: makullai damƙi guda, agogo, waya, zobe, ya kwance bel. Ta cikin ƙofar yana hango sabuwar na'urar, fara sol, tana wani numfashi a hankali. Dakta ta tsaya a gabansa ta fara tambayoyin da take yi wa kowa, waɗanda ya haddace har yakan riga ta.

"An taɓa yi maka aiki aka bar ƙarfe a jikinka?"

"A'a."

"Haƙorin roba, abin ƙara ji?"

"Babu."

"Ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?"

"A'a," ya ce, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Ta juya ta tura ƙofar da kafaɗa. Ya ɗaga ƙafa zai tsallake layin.

"Yaya."

Auta ne, ya miƙe tsaye.

"Yaya, ka faɗa da bakinka. In ba ka faɗa ba, wallahi zan faɗa. Ka tsane ni in ka ga dama."

Dakta ta saki ƙofar, ƙofar ta koma ta rufe da kanta. Ta dubi Auta, ta dubi mijinta. "Ya faɗi me?"

Mai Makulli ya so ƙasa ta tsage. Ya so ya shaƙe Auta. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne hawayen da ya gani a idon yaron, don ko damar ce masa munafuki bai bar masa ba. Ya sauke ƙafarsa a bayan layin.

"Makullin get ne," ya ce yana kallon tayil ɗin ƙasa. "Na baƙin ƙarfe. Ban sa tabarau ba."

Ba ta yi ihu ba, kuma da ihun ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen fitila, ta buɗe fatar idon da yatsa, ta daɗe tana kallo. Da ta sake shi muryarta can ƙasa take.

"A hannuna ka so ka makance? Ni zan danna maɓallin, ni zan tura ka ciki. Ka yi tunanin yadda zan rayu bayan nan?"

Auta ya ce, "Matar Yaya, ni ma na fasa. A nemo wani."

"Cire agogonka," ta ce masa. "Mutanen nan yau za su tafi." Ta nuna wa mijinta ƙofar gefe. "Kai kuma shiga nan ka zauna inda zan riƙa ganinka. Ina gamawa ni da kaina zan kai ka wajen likitan ido."

Duk shekarun nan Mai Makulli bai taɓa zama a wannan ɓangaren ana aiki ba. Ɗan ɗaki ne mai tebur dogo da allunan kwamfuta da gilashi mai kauri. Ta cikin gilashin ya ga ta toshe wa Auta kunne, ta gyara masa matashi, ta rufe kwandon, gadon ya zame da shi ciki har ba a ganin komai sai tafin ƙafarsa. Ta dawo ta zauna kusa da mijinta kamar ba kowa a kujerar. Injiniyoyi biyu suka tsaya a bayansu. Na'urar ta fara bugawa, daga nan ƙarar ba ta kai yadda ya san ta ba.

Ya zuba wa ƙafafun Auta ido yana jira su kaɗa. Allah ya sani addu'a yake yi su kaɗa, ko sau ɗaya. Ba su kaɗa ba.

Dakta ta zana ɗan akwati a kan hoton ƙwaƙwalwar, ta yi ta murɗa lambobi tana daidaita maganaɗisun, fuskarta a murtuke. Aka jira. Sai layin ya fara fitowa, da fari da ɗan kakkarwa, sannan ya riƙa tsayuwa yana washewa. Manyan tsinayen suka miƙe sirara. A gindinsu wasu ƙanana suka fito ɗaya bayan ɗaya, waɗanda Mai Makulli bai taɓa gani a kowane layi ba. Dogon injiniyan ya yi fito a hankali.

Dakta ta manta tana fushi. Ta damƙi hannun mijinta da ƙarfi har farcenta ya shige shi.

"Maigida, dubi! Dubi wannan ƙaramin! Tun ina ɗaliba nake neman in gan shi shi kaɗai!"

Fuskarta ta koma ta yarinya, idonta ya cika da ƙwalla. Ashe haka take yi in abu ya fito. Duk shekarun da ya yi yana ba ta kansa bai taɓa ganin wannan fuskar ba, don a lokacin yana cikin rami, kunne a toshe. Yau da ya gan ta, a kan ƙwaƙwalwar Auta ya gan ta.

Ya dubi allon da idonsa mai lafiya, ɗayan yana ta zubar ruwa. Ya ga layuka da yawa a rayuwarsa, ba ya buƙatar a yi masa fassara. Ya yi maganar ne don ta musa masa, ko da ƙarya ce.

"Ya fi nawa."

Ta juyo ta dube shi, hannunta har yanzu a kan nasa. Ya ga ta tuna abin da ya yi ɗazu a bakin ƙofa, ya ga kuma ba ta da niyyar saka masa ƙarya da ƙarya.

"Ya fi," ta ce. "Ɗauko makullanka mu je a duba idon."